Jakar da Ba a Ganin Bakinta

Sakkwato,
ranar Alhamis.

Zuwa ga maiɗakina Hajiya Lailatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da ɗiyarmu Radiyya da 'ya'yanta da duk mutanen gida. Yaya ƙafar taki? Ina fata kina shan maganin hawan jinin nan ba sai an yi ta lallashinki ba.

Kafin komi, nemi wuri ki zauna. Ɗanmu Hafizu na da rai. Na gan shi da idona, na dafa goshinshi, ya buɗe ido ya gane ni. Duk wanda ya kawo maki wani labari ba wanga ba, ƙarya ya kawo. Da ba a rufe layin waya a wajenmu ba da tun jiya kin ji muryata, amma ga takarda ta hannun Ibrahima direba.

Ga yadda abin ya faru. Jiya da safe su Hafizu suna rakiyar motocin 'yan kasuwa daga Isa zuwa Sabon Birni. A kwalbatin nan da ruwa ya cinye, inda dole kowace mota ta sassauta, ɓarayin daji sunka fito daga cikin gero sunka buɗe wuta. Harsashi ya same shi a cinyar hagu. Likita ya ce babbar jijiyar jini ce ta tsinke, kuma wanda hakan ta samu ba ya kai tsawon a yi alwala a yi salla. Lailatu, ni mutum ne da ya tashi cikin majema, na ga jini tun ina yaro, amma da anka nuna mani takalmin yaron nan sai da na dafa bango. 

Kin tuna Juma'ar da ya zo gida da baƙar jakar nan da anka raba masu bayan horon da likitocin soja sunka ba 'yan sanda a Isa? Ya fito da almakashi da bandeji da baƙin maɗaurin nan mai guntuwar sandar murɗawa a jiki, ya ɗaura shi a taɓarya shina murɗawa, kina dariya kina cewa gwamnati ta mai da ɗanki unguwar zoma. To abin da kinka yi wa dariya shi ya riƙe ranshi, da ikon Allah. An ɗaure mashi cinyar can sama, anka murɗa har jinin ya tsaya. Na tarar da lambobi a goshinshi da baƙin alƙalami, na ɗauka wani rubutun tsari ne. Ashe lokacin da anka ɗaure ne suke rubutawa don likita ya sani. Sun yi mashi aiki, sun ce ƙafar za ta zauna.

Ba ni son yabon kai a irin wanga hali, amma za ni faɗa maki ke kaɗai. Ranar nan da na juya baƙar jakar tasu a hannuna, raina ya ɓaci. Roba ce zalla, ɗinkin inji, bakinta ma wani abu ne mai mannewa, in ka ja ya yi ƙara kamar an yaga zane. Damina ɗaya ba za ta yi ba. Ni da na fara da gyaran silifa a bakin tashar Isa, yau jakunkunana suna Maraɗi suna Agadas, a ce ɗana shina yawo da wagga a ƙirji? Kin ga yadda na ɗauko jar fatar akuyar da nike ɓoyo, na zauna da kaina, ban bar ko yaron shagona Is'haƙa ya sa mata hannu ba. Na yi mata ɗinkin da ba a gani da bakin da ba a gani, wanda duk Gobir ba mai iya shi sai ni. Ranar Talata da ya biyo ta shago na juye kayan a ciki na rataya mashi. Ya fara wani zance wai malaminsu ya ce kaza, na ce ya rufe mani baki, tun ba a haifi malamin nashi ba nike ɗinka jaka. Ya sunkuyar da kai ya yi godiya. Washegari wanga abu ya faru. Ki duba ikon Allah, kayan sun fito a bushe, sun yi aikinsu.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Wanda ya ɗaure ɗanmu sunanshi Kofur Atiku, mutumin Tozai. Ya ja jiki cikin ruwan harsashi har inda Hafizu ya faɗi. Shina gamawa shi ma anka harbe shi a cinya. Shi ba a sa mashi maɗauri ba, da bel da rawanin wani fasinja anka ɗaure shi, jinin bai tsaya ba har Isa. Shina ɗakin da ba a bari kowa ya shiga. Na miƙa hannu na ce su ɗibi jinina, sunka ce shekaruna sun wuce. Na yi faɗa a wurin har mutane sunka taru. In an ce an ba kowa jaka, ina ta Atiku? Wane sakarai ne ya yi wasa da ran wanga yaro? Wallahi sai na ji.

Ki tara mata su yi mashi addu'a, ki ba da sadakar fura. In ya tashi, za ni yi mashi jaka irin ta Hafizu, har ta fi.

Ki gaishe da kowa. Kada ki ce za ki biyo hanyar nan.

Ni ne maigidanki,
Alhaji Abdulgani Baduku,
Mai Jar Fata, Sabon Birni.


Sakkwato,
ranar Lahadi.

Zuwa ga Lailatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da gida, da fatan ƙafa ta yi sauƙi. Na samu dambun naman da kinka aiko. Hafizu ya ci kaɗan, shina magana, jiya har an zaunar da shi. Atiku na nan yadda shike. Sun ce ƙodarshi ta tsaya saboda jinin da ya zubar.

Wagga takarda ke kaɗai za ki karanta. Kada ki ba Radiyya ta karanta maki ko da ido ya gaji.

Shekaranjiya wata ma'aikaciyar jinya ta miƙo mani leda da kayan da anka cire wa Hafizu, ta ce in kai a wanke ko in ƙone. Na fita bayan ɗakin gindin wani darbejiya na zazzage. Riga ce da wando da sunka yanka da almakashi, duk sun sandare. Sai jakata ta faɗo. Na ɗauke ta don in goge, na ji ta da nauyi. Lailatu, na san nauyin fatar da na yanka. Na danna inda ake dannawa ta buɗe. Maɗaurin na ciki a naɗe yadda na naɗe shi ranar Talata. Bandejin na ciki. Almakashin na ciki. Ba wanda ya taɓa ta.

Ban san tsawon zaman da na yi a gindin iccen nan ba. Wani mai gadi ya zo ya tambaye ni ko nawa ne ya rasu.

Na koma ɗaki na nuna wa Hafizu. Ya dube ta, ya juya fuskarshi bango. Shi tun da harsashin ya same shi bai san inda shike ba sai a Sakkwato. Can ya faɗa mani, da murya ƙasa ƙasa kamar shi ne mai laifi, abin da ya so faɗa a shago na hana shi. An koya masu cewa kowa jakarshi baƙa iri ɗaya, a wuri ɗaya, ƙirji ta hagu, don hannun ɗan'uwanka ya same ta ko idonshi a rufe. Kuma in mutum ya faɗi, da kayanshi ake ɗaure shi, naka ka bar wa kanka. Ya ce ya kasa maido mani da kyautata, ya kuma ji tsoron ogansu ya gani, sai ya sa ta cikin riga, bai gaya wa kowa ba.

Da la'asar Saje Maliki ya zo dubiya, shi ne babba a motar tasu. Dattijo ne mai zanen Gobir har kunne, ya kama hannuna da hannu biyu shina kirana Baba Alhaji. Ban tambaye shi ba, shi ya fara ba da labari. Ya ce Atiku ya lallaba ƙirjin Hafizu bai ji baƙar jaka ba, ga jini na tsartuwa, sai ya fizge tashi ya ɗaure shi. Shi Saje nashi maɗaurin ya riga ya sa wa direbansu. Da Atiku ya faɗi, Saje ya rarrafa wurin Hafizu shina neman maɗaurin Hafizun, ya yage mashi riga, bai ga komi ba sai wata babbar laya ja. Ya ce shi ba a gidan jahilai ya tashi ba, ya san ba a taɓa layar mutum balle a buɗe ta, ballantana a ranar da take aiki. Ya yi bisimilla ya maida ta cikin rigar, ya gyara mata zama, ya koma ya ɗaure Atiku da bel.

Ya gyara mata zama, Lailatu. Tana cikin tafin hannunshi. Atiku na kwance kusa da shi jini na zuba.

Shina wanga bayani jakar na cikin aljihun babbar rigata, ina jin nauyinta a cinyata. Har ya yi dariya ya ce da ganin ɗinkin ya san ba ƙaramin malami ya ba da ita ba, ko baki ba ta da shi. Na bar shi ya tafi a kan haka. Ni da ko Sarkin Kasuwa ba ya gama magana ban ba shi amsa ba.

Na yi ta kawo wa kaina hujja. Ban rubuta aya ba, ban sa kambu ba, jaka na yi. Fatar ta fi robar, wannan ko yau za ni faɗa. Kuma kowa da ranarshi, ba baduku ke rubuta ajali ba. Duk na faɗa wa kaina. Sai in rufe ido in gan ta yadda Saje ya gan ta, ja, mai kusurwa huɗu, da koren zare a gefe, da igiyar rataya. Nawa na ɗinka irinta wa malamai a rayuwata? Hannuna ne ya bi hanyar da ya saba, ni kuwa ina can ina jin daɗin ɗinki.

Uwar Atiku ta iso, ana ce mata Inno. 'Yar tsohuwa ce siririya, ta shimfiɗa tabarma a baranda, ba ta ci ba ta sha sai jan carbi. Na kai mata abinci ta karɓa ta ajiye. Yau da hantsi ta kira ni, ta yi mani barka da ɗana, ba ko ɗigon hassada a fuskarta. Sannan ta matso ta rage murya, ta ce ta ji labarin layar, don Allah wane malami ne, in taimake ta ko aronta in ba ta ta sa a ƙarƙashin matashin Atiku.

Na ce mata ana kiran salla, na tashi. Ba a kira ba.

Ki yi ta addu'a Allah ya tashi yaron nan. In ya tashi za ni durƙusa gabanshi in faɗa mashi da bakina. Ban san abin da za ni yi ba in bai tashi ba.

Ki gaishe da yara.

Maigidanki,
Alhaji Abdulgani.


Isa,
ranar Alhamis.

Lailatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Hafizu na samun sauƙi, na bar shi hannun ƙanena, an fara koya mashi tafiya da sanda.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Atiku ya rasu ranar Talata bayan azahar. Bai farfaɗo ba, ban samu na ce mashi komi ba. A Sakkwato munka yi mashi sutura, ina cikin waɗanda sunka sa shi a kabari. Ya bar mata da ɗiya mai rarrafe. Ni na rako Inno zuwa Isa, a gidan ƙanenta ake zaman makoki don hanyar Tozai ba ta biyuwa.

Saƙonki ya tarar da ni a tasha, kuma shi ya sa nike rubuta wagga a tsaye, Ibrahima na jira. Kin ce 'yan sanda da 'yan sa-kai sun cika shago suna neman irin ta Hafizu, har wani soja ya aiko, kuma Is'haƙa ya fara yankan fata. Da wagga takarda ta shiga hannunki, ki aika a kira shi. Ki ce na ce ya ajiye wuƙa. Ko ɗaya kada ta fita daga shagona. In akwai wadda ta riga ta fita, ya bi mai ita har gida ya karɓo.

Ban san labarin ya yi nisa haka ba sai jiya a wurin makoki. Muna zaune a ƙofar gida, ga tabarmi har bakin titi, sai abokan aikin Atiku sunka zo gaisuwa da kakinsu, Saje Maliki na gaba. Anka yi addu'a anka shafa. Maimakon su tashi sai sunka zagaye ni. Wani dogo ya ce ai magana ta fito fili, mai laya ya tashi, mai jakar Bature ya tafi. Wani ya ce shi tashi baƙar jakar ma ya bar ta a bariki, caja da goro yake zubawa a ciki. Wani ya ce Baba Alhaji kada a yi masu rowa, su ma 'ya'yan wasu ne. Na duba ƙirjinsu ɗaya bayan ɗaya. Wasu da jakar, wasu babu. Kuma gobe su ne za su bi ta kwalbatin nan.

Kin san ni. Shekara da shekaru abin da nike nema ke nan, a taru a ce aikin Abdulgani ba irinshi. Ga shi an kawo mani har kan tabarma, a ƙofar gidan da ake makokin yaron nan.

Na sa hannu a aljihu na fito da jar jakar. Sunka matso, har wani ya cire hula. Na ce Saje ya matso kusa, shi nike so ya gani. Na danna ta buɗe, na zazzage a kan tabarma.

 Na faɗa masu duka, yadda na raina jakarsu, yadda na toshe bakin ɗana, ban rage komi ba.  Saje bai dube ni ba. Ya zube zaune a ƙasa, ba a tabarma ba, ya buɗe tafin hannunshi na dama shina kallo kamar ba nashi ba. Na ce mashi ba laifinshi ba ne, ladabi ya yi, ko ni ne haka za ni yi. Ban sani ba ko ya ji. Dogon nan ya tashi ba sallama ya nufi bariki da sauri, sai ga wasu sun bi bayanshi. Liman ya fara zancen ƙaddara, gaskiya ya faɗa, amma shi ma bai kai ƙarshe ba.

Kafin la'asar labari ya shiga cikin gida. Anka ce Inno na kirana. Na so a ce ƙasa ta buɗe. Na shiga na durƙusa a bakin ƙofar ɗakin, ni da furfurata, matar Atiku na gefe da ɗiyar a cinya. Na shirya wa zagi, na shirya wa Allah ya isa, da ta yi da na ji sauƙi.

Ta ce in miƙo jakar. Na maida kayan ciki na rufe na miƙa mata. Ta juya ta, ta shafa gefen da babban yatsa tana neman bakin, ta kai ta kusa da ido, ba ta samu ba. Ta ce aiki ya yi kyau. Wallahi haka ta ce. Sannan ta ce in nuna mata.

Na kama yatsanta na ɗora a wurin. Ko ƙarfi ba ta sa ba ta buɗe.

Ta daɗe tana kallon maɗaurin. Ta rufe, ta sake dannawa, ta sake buɗewa. Abin da ta ce kawai shi ne, ashe haka kawai take buɗewa.

Ta zaro maɗaurin ta ba ni, ta ce in kai wa Saje ya ba wanda za shi hanya gobe, kada ya kwana a gidan makoki. Jakar kuwa ta sa ta ƙarƙashin tabarmarta. Ban tambaye ta me za ta yi da ita ba, ba ni da bakin tambaya.

Na kai wa Saje da kaina. Tsohuwar baƙar jakar Hafizu na cikin akwatin tarkacen fata a bayan shago, inda na jefa ta. Ki sa a nemo, a goge ta, a ba Ibrahima ya kawo mani nan. Kada a gyara mata komi, ko zare ɗaya.

Za ni zauna a Isa har a yi addu'ar bakwai. Ki aiko da buhun gero da turmin atamfa saboda matar da ɗiyar, sunan ɗiyar Halimat. Sauran maganar sai na zo, don ba abin da za a yi sau ɗaya a gama ba ne.

Ki gaishe da Radiyya da yara. Ki sa ni a addu'a.

Abdulgani.